A Tuna Da Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Zariya Zuwa Jos

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanan baya na kai yarana gidan tarihi nan Jos, muka tsaya gaban tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da aka ajiye a wajen, sai ƙaramin ya ce Baba wannan jirgin wasa ne? Wallahi raina ya sosu, don irin wannan jirgin ne ya kawo kakansu na biyu garin nan, kuma da shi aka gina Jos ɗin da muke taƙama da ita yau amma ko a makaranta ba a taɓa gaya musu ba.

Jirgin da nake magana shi ne wanda Turawa suka sa wa suna Bauchi Light Railway. Sunan yakan ruɗar da mutane tunda bai taɓa shiga garin Bauchi ba, dalili kawai a lokacin Jos da kewayenta suna ƙarƙashin lardin Bauchi ne. Daga Zariya yake tashi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre sannan ya hau dutse ya shigo Jos ya ƙarasa Bukuru, mil 143 ke nan, wajen kilomita 230. An buɗe shi zuwa Rahama a 1912, zuwa 1914 ya kai Bukuru.

Kuza ce ta jawo shi, kowa ya sani. Tun kafin Bature ya zo mutanenmu suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, to da kamfanonin Turawa suka dira a Filato suka ga arziki kwance sai matsalar ɗauka ta taso, a ka ake ɗaukar kuza da bayan jakuna har Loko a bakin kogin Binuwai kafin a zuba a jirgin ruwa, tafiyar kwana da kwanaki. Da layin Baro zuwa Kano ya samu a 1911 sai aka ga a yanko reshe daga Zariya, kuma don a rage kuɗi aka yi shi siriri, faɗinsa ƙafa biyu da inci shida alhali babban layi ƙafa uku da inci shida ne. Wato taragon nan ba ya hawa dogon can, dole duk buhun da ya iso Zariya lebura su sauke su sake lodawa a babban jirgi.

Kakana, Allah ya jiƙansa, daga ƙasar Zazzau ya taso yana saurayi don ya nemi kuɗin haraji a gidan kuza, ya ce shekara ɗaya zai yi, ashe nan za a binne shi. Yakan ba mu labari da dare cewa wuni sur ake yi a hanya, jirgin yana tafiya yana tsayawa shan ruwa, tartsatsin wuta na shigowa ta taga yana huda wa mutane riga, kuma in aka zo hawa bayan Jengre sai ka ji kan jirgin na nishi kamar tsohon jaki, har ya ce matashi mai ƙarfi zai iya dira ya ɗan bi shi da sassarfa ya sake hawa. Abin da bai taɓa mantawa ba shi ne sanyin da ya tarbe su a tashar Jos, daga shi sai riga ɗaya da tabarma a hammata. Irinsa dubbai ne, wasu da son ransu suka zo, wasu kuwa aikin tilas ya kwaso su lokacin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta matsu da kuza, kuma da yawa sanyi da yunwa suka kashe su a barikin lebura, ba su koma gida ba. Wannan ma tarihi ne, bai kamata a ɓoye shi ba.

Ƙarshen jirgin ya fara ne a 1927, da babban layi ya taso daga Kafanchan ya iso Jos, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa Fatakwal ba sai an yi sauke-lodi a Zariya ba. Ya dai ci gaba da jan fasinja da kayan gona har aka rufe shi a 1957.

Roƙona ga gwamnatocin Filato da Kaduna da hukumar jiragen ƙasa da malaman tarihi na jami'o'inmu na Zariya da Jos, a bi hanyar nan a kafa allo a kowace tsohuwar tasha da Hausa da Turanci, a kuma sa labarin cikin darasin firamare. Abin da ya fi gaggawa kuwa shi ne tsofaffi, duk wanda ya hau jirgin nan da wayonsa yanzu ya haura shekara saba'in da biyar, a tura ɗalibai ko da waya ce su naɗi muryarsu. A unguwarmu saura mutum biyu na sani, ɗayan ma tun bara yake kwance.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos