Anas Aremeyaw Anas da masu cewa tarko yake ɗanawa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ce wani abu kan Anas Aremeyaw Anas, ɗan jaridar nan na Ghana mai rufe fuska da duwatsun ado, saboda na gaji da jin ana kiransa maɗana tarko. Na yi shekara 22 ina aikin rajista a kotu kafin in yi ritaya. Na ga fayil ya yi ɓatan dabo ranar da za a saurari shari'a, na ga talaka ya sayar da gona yana zirga-zirga har ya haƙura. Kowa a harabar kotu ya san abin da ke faruwa, amma sani ba hujja ba ne.

Hujjar ce Anas ya kawo. A 2015, bayan shekara 2 yana yawo da ɓoyayyar kyamara tare da yaransa na kamfanin Tiger Eye, ya nuna alƙalai 34 da ma'aikatan kotu da dama suna karɓar na goro. Wasu kuɗi, wasu har akuya. A watan Disamba na shekarar aka sallami alƙalai 20 na ƙananan kotuna. Wallahi ranar da na ji labarin akuyar nan ban iya cin abinci ba, don na san 'yancin wani bawan Allah aka sayar a kan ta.

Masu suka suna cewa ai shi ya kai kuɗin, da bai miƙa ba da ba a karɓa ba. Ban raina wannan magana ba, kuma wani alƙalin babbar kotu a Accra ya caccaki salon aikinsa a 2023. Amma a gaya mini, wane mai cin hanci ne yake ba da rasit? Alƙalin da ya yi rantsuwa, in aka miƙa masa ambulan, abu ɗaya ya rage masa: ya ce a'a. Kuma akwai waɗanda suka ce a'a a gaban kyamarar, har suka yi barazanar sa a kama mai miƙawar. Su ne amsar masu zancen tarko.

Haka ya yi wa ƙwallon ƙafa a 2018 da fim ɗinsa Number 12. Aka ga shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi, yana karɓar dala 65,000, FIFA ta kore shi har abada, kodayake daga baya an mayar da hukuncin shekara 15. Wani alƙalin wasa ɗan Kenya ya rasa gurbinsa a gasar cin kofin duniya ta Rasha.

Abin da ya fi damuna shi ne Ahmed Hussein-Suale. Muna yabon Anas, muna tuna yadda Obama ya ambace shi a majalisar Ghana a 2009, muna ƙirga lambobin yabonsa, amma mun manta da yaron da ya yi aikin Number 12 tare da shi. Ɗan majalisa Kennedy Agyapong ya nuna hoton Ahmed a talabijin, ya ce a lakaɗa masa duka in an gan shi. Ranar 16 ga Janairun 2019 wasu mutum biyu a kan babur suka harbe shi a unguwar Madina. Yana da shekara 31, ya bar mata da 'ya'ya. Har yau ba a hukunta kowa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Edita, ku ma kuna tura matasa bincike. Ina roƙonku, duk ranar 16 ga Janairu ku buga sunan Ahmed, ku tambayi 'yan sandan Ghana inda shari'arsa ta kwana.

Naku,
Tsohon ma'aikacin kotu