Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da regiletar nutso a Accra

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Na yi waya, na je shagonku da ƙafata, kullum amsar ɗaya ce: "Oga ba ya nan." To, tunda oga ba ya zama, ga maganata a fili.

Na shigo wajenku neman regileta, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita daga tukunyar da ke bayansa. Na faɗa wa yaronku abin da nake so: mai ƙarko, mai sauƙin kuɗi, ta nutson shaƙatawa wanda ba ya wuce mita 18, iyakar takardar shaidar nutso da nake da ita. Ya ce sabuwa ce dal, kuma akwai garanti.

Ga abin da ta yi. Muna ƙarƙashin ruwa sai abin bakin, wato sashen da ake sa wa a baki ana shaƙar iska, ya fara tsiyayar iska, can kuma ya ɓarke yana feso ta babu tsayawa. Allah ya sa malamin da ke koya mana yana kusa, na karɓi abin bakinsa na ajiya muka hau sama a hankali. Da ya ɗaura mata ma'auni a tudu, sai ga matsalar. Tukunya cikakkiya tana ɗauke da iska mai ƙarfin bar 200 (bar shi ne awon matsin iska). Aikin kan regileta, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunyar, shi ne ya rage ƙarfin nan zuwa bar 9 ko 10, ya tsaya cak. Allurar tawa ba ta tsayawa, sai hawa take yi a hankali har iskar ta ture abin bakin. Alama ce ta cewa mazaunin bawul ɗin ciki ya cinye. Matacin da ke mashigar iska kuwa ya yi kore shar. Ruwan gishiri ne ke yin wannan, kuma ba a kwana ɗaya ba. Ni ban taɓa wanke ta murfin mashigar iskar a buɗe ba. Ku gaya mini, wace sabuwar na'ura ce ke fitowa daga kwali da tsatsar teku a cikinta?

Na san za a ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma araha ba ita ce laifin ba. Akwai regileta mai fistin, wadda ba ta da tarkace da yawa a ciki, irin wadda makarantun nutso ke bayarwa haya shekara da shekaru. Kuɗinta ba shi da yawa, kuma ta wadatar a ruwanmu na Tekun Gini, inda ko a watan Agusta da ruwan ke yin sanyi bai kusa da digiri 10 ba, balle a nemi ta ƙasashen ƙanƙara. Ƙarkonta yana ga gyara: yawancin masu ƙera ta suna so a duba ta duk shekara ko shekara biyu, a canza zoben roba da mazaunin bawul. Da na tambayi kayan gyaran tawa, aka ce babu su, babu kuma bakaniken da kuka sani a Accra ko Tema. Me ya sa ba a faɗi haka ba kafin a ƙirga sidi?

Rasit ɗin ma babu lambar na'urar a jiki, katin garanti kuwa har yau ban sa shi a ido ba.

Abin da nake nema shi ne ku mayar mini da kuɗina, ko ku canza mini da wadda ke ɗauke da hatimin EN 250, wato shaidar ingancin na'urorin nutso ta Turai, a buɗe kwalinta a gabana, a gwada ta da ma'auni, a rubuta lambarta a rasit, a kuma nuna mini inda za a riƙa gyara ta. Sauran irin tawa da na gani rataye a shagon, ku sauke su a duba kafin wani ya shiga teku da su. In mako biyu suka wuce ban ji daga gare ku ba, zan ɗauki na'urar da rasit ɗin in kai wa Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana.

Wassalam,
Mai sayen kayanku, daga Nima