Babba da ya saba da takalmin hoki ya yi hattara kafin ya sayi na rawar ƙanƙara

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaida ku da aiki.

Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan takalmin zamiya bisa ƙanƙara. Na san wani zai ce me ya haɗa Maraɗi da ƙanƙara, to ai duk mai bin gudro da marece yana ganin samarinmu da takalma masu taya, kuma wannan takalmin asalinsa na ƴan hoki ne, wato wasan ƙwallon sanda bisa ƙanƙara, wa da ƙane ƴan gidan Olson a Minesota ta Amurka su suka gyara shi wajen 1980 don su riƙa atisaye in ƙanƙara ta narke, daga nan kamfanin takalmi mai taya na Rollerblade ya fito. Ga kuma yaranmu masu tafiya karatu Kanada da Faransa. Ni kaina a Monreyal ta Kanada na koya, da na hoki na fara kafin in koma na rawa, wato na zamiya mai juyi da tsalle bisa ƙanƙara, shi ya sa abin ke damuna in na ga magidanci ya ga hoto a waya kawai ya tura kuɗi a sayo mashi.

Takalman nan biyu, na hoki da na rawa, ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Ƙarfen zamiya da ke ƙarƙashin na hoki gajere ne, gaba da baya a lanƙwashe, an yi shi don gudu da saurin juyawa. Na rawa kuwa ƙarfensa ya fi tsawo har yana wuce dunduniya ta baya, kaurinsa wajen milimita 4, takalmin na da tudun dunduniya, sannan a gaba akwai haƙora kamar na zarto waɗanda ake kafawa in za a yi tsalle. Haƙoran nan su ke kada ɗan hoki, don shi ya saba duƙawa gaba ya tura da kan yatsu, yana yin haka sai su kama ƙanƙara ya kife, kuma faɗuwar mai shekara 35 ba irin ta yaro ba ce, wuyan hannu da gwiwa ne ke biya. Don haka mai farawa ya nemi ƙarfe mai ƙananan haƙora, manyan na masu tsalle ne, ba su da amfani gare shi yanzu.

Amma abin da ya fi ci mani rai shi ne taurin takalmi. Mai shago zai ce ai kai sabon koyo ne ga mai laushi, alhali mai laushin nan da nauyin yara aka auna shi. Mutum mai kilo 80 ko 90 wanda ƙafarsa ta riga ta yi ƙarfi a hoki nan da nan zai karya shi a idon sawu, in ya karye kuma ba abin da ke riƙe ƙafa. Wani kuma sai ya zarce ya sayi na ƴan gasa mai tauri ƙwarai wai don ya daɗe, gwiwa ta kasa lanƙwasawa, ciwo ya hana shi koyo ya jefar da abin. Na tsakiya ake nema, kuma ka faɗa wa mai sayarwa nauyinka da gaskiya.

Lamba ma kar ka bi ta takalmin zuwa kasuwa, ko ta hokinka. A auna ƙafa biyun, tsawo da faɗi, da safa marar kauri, dunduniya ta zauna daram ba ta ɗagawa, yatsu su ɗan taɓa gaba ba tare da sun naɗe ba. Cikin kamfanonin takalmin, Jackson na Kanada gabansa na da faɗi, Riedell na Amurka ya fi matsewa, akwai Edea da Risport na Italiya, mu da muka tashi da silifas ƙafa a baje galibi mai faɗin ya fi karɓarmu. Wurin wasa ƙarfen ya yi kaifi kuma a kai wa wanda ya san na rawa, mai wasa ƙarfen hoki yana iya cinye haƙorin ƙasa ya ɓata shi.

Mu na gida da ba mu da filin ƙanƙara, akwai irin wannan takalmin mai taya uku ko huɗu da roba a gaba madadin haƙora, maganar tauri da awo duk ɗaya ce, sai dai yashinmu na kashe boris, sai an riƙa gogewa. In a bosho za ka saya, lanƙwasa shi ka duba wajen idon sawu, in ya yi zurfin tsaga bar masu abinsu ko da jika biyu suka ce.

Ina roƙon jaridarku ta taya mu kira ga magabatan gari su ware wa samarin nan wani daɓe mai santsi su riƙa wasa, da hular kwano da abin kare gwiwa, su bar kama bayan motoci da kabu-kabu a hanyar babbar kasuwa.

Na gode,
Mai karatunku daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi