Godiya ga masu ƙera faifan jifa na ɗalibai

Assalamu alaikum. Mu malaman motsa jiki muna miƙa godiya ga kamfaninku, musamman ma'aikacin da ke karɓar odar makarantu. Kafin ya rubuta komai, sai da ya tambayi shekarun ɗalibai, yawansu a aji, da irin filin da za su yi jifa. Abin ya ba mu mamaki ƙwarai, domin ba mu saba jin haka daga bakin 'yan kasuwa ba.

Abin da aka saba jibga wa makarantu faifan gasa ne: kilo 2 na manya maza mai faɗin kusan santimita 22, ko kilo 1 na mata mai santimita 18, kowanne da bakin ƙarfe. Hannun ɗan shekara 11 bai kai nan ba. Maimakon ya maƙala gaɓar ƙarshe ta yatsu huɗu a bakin faifan, sai ya damƙe shi da babban yatsa, faifan ya suɓuce ta ƙaramin yatsa, ya tafi yana tangaɗi ya faɗi nan kusa. Ga fargabar ya sauka a ƙafar wani. Faifai ɗaya kuma ga aji guda: yaro ya jefa sau biyu, sauran darasin a layi. Nan sha'awa take mutuwa.

Ma'aikacinku ya ba da shawarar a fara da zoben roba da faifan soso, a koma na roba mai giram 500 zuwa 750, faifai ɗaya ga yara uku. Ya tsara matakan: a gangara faifan a ƙasa ya fita ta manuniya, a cilla sama a cafe, a yi jifa a tsaye, juyi cikin da'irar mita 2.5 sai daga baya. Bai ɓoye aibin kayansa ba, ya ce iska na kwashe na soso, kada a daɗe a kansa. Ya kuma nanata a ware bahagwai gefe guda, kada kowa ya je ɗauko faifai sai an gama jifa. Yanzu har masu laɓewa a baya rige-rigen karɓa suke yi. Allah ya saka masa da alheri.

Wasu kamfanonin kuwa har gobe suna sayar da faifan roba da ba a rubuta nauyinsa ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Yaro ya saki daidai, faifan ya ƙi juyawa, ya ɗauka laifinsa ne.