Yara na cutar da cikinsu, iyaye na cewa iska ce

Assalamu alaikum Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya albarkaci wannan shiri naki. Mu ma'aikatan jinya ne da malamai masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai a nan Katsina. Matsalar da ta sa muka rubuto mun gane ta sarai, yadda za mu shawo kan iyaye ne ya gagare mu.

Rikicewar cin abinci muke nufi, ga 'yan shekara 12 zuwa 19. Yarinya kan fara da barin tuwon dare, sai ta daina taɓa maiƙo, sai ta fake da azumin Litinin da Alhamis, amma in an sha ruwa dabino biyu ne abincinta. Wani lokaci a tsinci tuwonta ƙulle cikin leda a ƙarƙashin katifa. Tana rawar sanyi a tsakiyar zafin Afrilu, gashi na bin matajin mai kitso, jiri na ɗibarta in ta miƙe, al'ada ta ɗauke wata uku. Wannan ita likitoci ke kira anoreksiya, kuma in bugun zuciya ya sauka ƙasa da 50 a minti da rana, maganar kwanciya asibiti ce.

Wata kuwa za ta ci ta ƙoshi har ta wuce misali, sannan ta zura yatsa ta amayar. Jikinta ba ya nuna rama, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Mu abin da muke dubawa shi ne kanta, wato taurin fata, a bayan yatsun hannu inda haƙori ke gurza, da kumburin gefen muƙamuƙi, da cinyewar haƙora ta ciki. Shayin rage teɓa da suke saye galibi filasko ne a ciki. Ruwa yake fitarwa, ba kitse ba, yana tafiya da gishirin fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke rikita bugun zuciya har ta tsaya.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne sha-ka-fashe. Masu son su ciko kafin aure suna haɗa ƙwayar maganin deksametason, wadda ake kira deksa, da maganin buɗe ciki daga kemis. Fuska ta yi fam, a yi ta yaba mata, alhali sukari da hawan jini ne ke hauhawa, ƙashi na lalacewa, garkuwar jiki na raunana. Wadda ta yi makonni tana sha kuma ba a yanke mata deksan rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali, don yankewar kan jawo suma da faɗuwar jini. Samari ma ba su tsira ba: ɗaga ƙarfe safe da yamma, dafaffen ƙwai zalla, da garin gina jiki da ba a san abin da ke ciki ba.

Hajiya, inda gizo ke saƙar shi ne gida. Uba ya ce iska ce ko sammu, uwa ta ce olsa. Wasu kuma su tsare yarinyar da kwanon fura da tuwo su yi mata ɗura. Wannan na da haɗari ƙwarai ga wadda ta daɗe da yunwa, domin abinci mai yawa lokaci guda na faɗar da sinadarin fosfet na jini cikin kwanakin farko, zuciya ta kasa. Tsarin da ya dace shi ne likita ya auna jini tukuna, sannan a tsaya kan abinci sau uku da ɗan marmari sau biyu ko uku, babba na zaune tare da ita, ba faɗa ba gori, ba shiga banɗaki sai bayan awa ɗaya. Wannan aiki sai iyaye, mu ba za mu bi ta gida hutu ba.

To da wane lafazi za mu fara yi wa uba maganar likitan ƙwaƙwalwa, tunda da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna sai ya ji kamar an ce 'yarsa ta haukace, ya ji tsoron kada ta rasa mijin aure? Shin ya dace mu fara bi ta hannun limamin unguwa, ya bayyana musu matsayin azumin nafila ga mai cutuwa da shi? In kuma yarinya ta roƙe mu mu rufa mata asiri, a wane mataki ne ya zama dole mu sanar da iyayenta?

Muna sauraron amsarki. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Naki,
Ma'aikatan jinya da malaman kwana, Katsina