A kai littattafan cikin aji, kada a kulle su a ofis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yaran firamare da ke kaiwa aji huɗu ba su iya karanta jimla ba. Ina kira ga hukumar ilimin matakin farko (SUBEB) ta Jihar Katsina da ta sa ma'ajiyar littattafai a kowane aji.

Abin ba ya buƙatar gini. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya isa, a ɗora shi kan bulo saboda gara da danshin damina. A zuba littattafai 40 zuwa 60, mafi yawa na Hausa masu hotuna da manyan baƙaƙe, a raba su mataki uku da alamar launi a bangon littafin, domin yaro ya zaɓi daidai ƙarfinsa. Ɗalibai biyu su riƙa rubuta sunan mai aro, a kuma ware minti 20 kullum na karatun shiru.

Inda ake samun matsala shi ne hedimasta ya kulle littattafan a ofis don tsoron a tuhume shi idan sun yage. Hukuma ta rubuto a fili cewa yagewar littafi a hannun yaro ba laifin malami ba ne, kwamitin iyaye kuma ya ɗauki nauyin gam da ɗinki kowane zango.

Naku,
Wani malamin firamare, Daura