Mata ma muna buga gem, sai dai da makirfo a kashe

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Ni 'yar unguwar Shari'a Mansur ce a nan Makka, kullum sai na ji ana cewa wai gem na waya harkar samari ce mata kuwa sai dai Candy Crush, shi ne na ce bari in sa baki.

A danginmu mu huɗu ne mata masu buga PUBG, gem ɗin harbi da ake shiga ƙungiya-ƙungiya, ni da ƙannena biyu da 'yar gwaggona da aka kai aure Jidda. Gaskiya zumunci ne ya fara jawo mu, tunda ta tare ba ma haɗuwa sai da salla, to bayan isha'i in yara sun yi barci sai mu shiga tare muna harbi muna hira, wa ta haihu wa aka sa wa rana, wani lokacin har a kashe mu labari bai ƙare ba. Amma kar a ɗauka ba ma son ci, wallahi ƙaramarmu in aka fitar da ita da wuri har kuka take.

Inda abin yake min ciwo shi ne in ka faɗa cikin baƙi. Da mace ta yi magana shikenan, wannan ya nemi Snapchat ɗinta, wancan ya ce ta koma kicin, in an sha kashi kuma ita ce sila. Shi ya sa nake amfani da sunan namiji, makirfo a kashe, ina laɓewa daga nesa ina ɗaga wanda ya faɗi, sai a ce ai haka mata suke ba sa son gaba da gaba. Gudun zagi ne ya koya mana, don in mu kaɗai ne ni ce ke fara kutsawa cikin gidan da abokan gaba suka ɓuya.

Kuma ai an gani. A 2020 Najd Fahd 'yar Saudiyya ta lashe gasar gem ɗin ƙwallo na FIFA ta ɗaliban jami'o'in duniya ɓangaren mata. A gasar gem ta duniya da aka yi a Riyad a 2024 an zuba sama da dala miliyan 60, aka ware wa mata gasar Mobile Legends mai dala 500,000, 'yan Filifin suka ɗauke kofin. Kuɗin bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da sauran, amma ƙanwata tun daga ranar take roƙon Baba ya bar ta ta gwada, har yanzu dai yana cewa sai ya yi shawara.

Don Allah Malam Edita ku nemi mata masu gem ku ji ta bakinsu, muna da yawa daga nan har Kano.

Taku mai karatu,
daga Makka